Nason launi a ƙarƙashin ruwan gilashi

Nason launi dabara ce ta ginin tangaran inda ake zana kwano da launi, a rufe shi da ruwan gilashi mai haske, sannan a gasa har bakin zanen ya nashe kamar yadda shuni yake nashewa a jiƙaƙƙen ƙyalle. Mafi yawan magina suna gudun wannan naso, wasu kuwa shi suke nema.

Abin da ke faruwa a cikin tanda shi ne, idan gilashin ya narke sai ya ci wani ɓangare na launin da ke ƙarƙashinsa, ya ja shi. Kobal, mai ba da shuɗi, ya fi saurin tafiya, ɗan kaɗan ya isa. Tagulla tana ba da kore mai laushin baki. Kurom kuwa, wani ƙarfe mai ba da kore shi ma, taurin kai gare shi, inda aka sa shi nan yake zama. Launukan gwangwani da ake sayarwa an haɗa su ne don kada su motsa, shi ya sa magina kan ƙara musu garin gilashi mai saurin narkewa, ko su dama garin kobal da ruwa zalla. Kaurin rufin ma yana da tasiri, haka jinkirta wuta a ƙololuwar zafi, misali wajen digiri 1220 a ma'aunin Celsius. A jikin tulu launin yakan gangara ƙasa, a tsakiyar faranti kuwa sai ya buɗe kewaye. In rufin ya yi yawa, gilashin ya zubo ya manne gindin kwanon da tanda.

Masana'antun Staffordshire a Ingila sun shahara da wannan a ƙarni na 19, suna sa farar ƙasa ko sinadarin amoniya a wurin gashi don shuɗin ya yi naso.

A Nijar ba haka ake gini ba. Matan Bubon, kusa da Yamai, suna zana tuluna da fari da ja da baƙi, su gasa su a fili, ba rufin gilashi. Dalili ke nan randa take tsatsafo tana sanyaya ruwa. Wutar fili ba ta kai zafin da ake bukata don narkar da gilashin, sai tanda rufaffiya, kamar ta gas ko lantarki. Gilashi mai darma yana narkewa da ƙaramar wuta, amma guba ne a kwanon abinci.