Matakin bitamin da bijirewa maganin kolcisin a zazzaɓin gado na Bahar Rum

Zazzaɓin gado na Bahar Rum, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da FMF, cuta ce ta kumburi da ta fi yawa a Turkawa, Armeniyawa, Larabawa da Yahudawa. Tushenta canji ne a ƙwayar gado ta MEFV, wadda aka gano a 1997. Ciwon kan taso da zazzaɓi, ciwon ciki mai tsanani, ciwon ƙirji ko gaɓɓai, ya lafa cikin kwana ɗaya zuwa uku. Babban haɗarinsa taruwar furotin amiloyid ne a ƙoda, har ta daina aiki.

Tun 1972 kolcisin ne maganinsa. Babba kan fara da miligiram 1 zuwa 1.5 kullum, a ƙara a hankali, amma ba a wuce 3. Yara ba a wuce musu 2. Ana cewa cutar ta bijire idan ciwon na tasowa aƙalla sau ɗaya a wata, alhali an yi wata shida ana shan mafi girman adadin da jiki ke iya ɗauka. Kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne ke shiga wannan hali, musamman waɗanda suka gaji wani nau'in canjin MEFV da ake kira M694V daga uwa da uba.

Kafin a yanke wannan hukunci, tilas a tabbatar mutum na shan maganin. Zawo kan sa da yawa su rage shi ba su faɗa ba, kuma raba shi safe da yamma kan sauƙaƙa hakan. Ana auna CRP da SAA, furotin na jini masu nuna kumburi, tsakanin tasowar ciwo, a duba furotin a fitsari.

Bincike a Turkiyya ya nuna bitamin D ya fi ƙaranci a jinin masu cutar, wasu ma sun same shi ƙasa sosai ga waɗanda ciwonsu ya bijire. Ƙasa da nanogiram 20 a mililita ɗaya na jini ƙaranci ne. Sai dai alaƙa ce kawai aka gani: wanda ciwo ke kwantarwa ba ya samun rana, kumburin kansa ma na iya rage matakin. A cike giɓin, amma bitamin ba ya maye gurbin magani. Shi kuwa bitamin B12, kolcisin ne ke iya hana hanji tsotse shi, don haka ana auna shi idan aka ga ƙarancin jini ko rashin jin taɓi a yatsu.

Idan bijirewar ta tabbata, ana ƙara allurar anakinra ko canakinumab masu toshe IL-1, wani furotin da ke tayar da kumburi, tare da ci gaba da kolcisin don kare ƙoda.