Sista, Wannan Aikin Ma Naki Ne

Ƙarshen wata ya zo, rajistar awon ciki da ta rigakafi sun cika, sai ka ga sistar da ta shekara 20 tana karɓar haihuwa ta tattara takardu ta miƙa wa wani yaro tana cewa, "Ɗana, shigar mini da su a kwamfuta, ni ban iya abin nan ba." Ni ma na yi haka kafin in koya, shi ya sa abin yake yi mini ciwo. Hannun da ya iya nemo jijiyar jariri da hasken tocila, madannan kwamfuta ba za su gagare shi ba.

'Yan'uwana nas-nas da ungozomomi, alƙaluman da muke rubutawa ba a asibitinmu suke kwana ba. Ana shigar da su cikin DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ta haɓaka, wadda Najeriya ke tara bayanan lafiya a kanta. Daga ƙaramar hukuma su wuce jiha, su isa Abuja, kuma da su ake auna yawan allurar rigakafi da maganin zazzaɓin cizon sauron da za a turo mana. Yaron da bai san bambancin Penta ta farko da ta uku ba, wato allurar rigakafin cututtuka biyar da ake yi wa jarirai, zai sa lamba a gurbin da ba nata ba, hankalinsa kwance. Ke kuwa kallo ɗaya za ki yi ki ce a'a, wannan ba daidai ba ne. In kuskuren ya wuce, uwar da ta yi sammako daga ƙauye da goyo ita za a ce wa allura ta ƙare.

Sai maganar amana. Mai ɗauke da cutar ƙanjamau, ko yarinyar da ta yi ɓari, ke suka gaya wa sirrinsu, ba mai shagon kwamfuta na bakin tasha ba. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan, amma ko ba doka, rantsuwarmu ta hana. Kada ki ba kowa lambar sirrinki, kada kuma hoton katin majinyaci ya faɗa zauren WhatsApp.

Hukumar kula da nas-nas da ungozomomi ta ƙasa ma ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta, sabunta lasisi kuma ta intanet ake yi.

Na san wuta na ɗaukewa, sabis na yankewa, wani asibitin kwamfuta ɗaya ce tal, ita ma a kulle a ofishin oga. Shugabanni su ji tsoron Allah su buɗe ta, su kuma tura masu aiki a gadon majinyata horo, ba na ofis kaɗai ba. Kafin nan, ki fara da wayar hannunki. Ki zauna da ƙaramar nas ɗin da ta fito makaranta kwanan nan, rabin awa bayan an tashi aiki: yau buɗe imel, gobe canza lambar sirri, jibi cike fom. Rahoton watan nan kuma ki shigar da kanki, ita tana gefe tana duba miki.