Fentin jitar lantarki da yadda ake bambance ire-irensa

Fentin jitar lantarki shi ne shafen da ake lulluɓe katakonta da shi domin ya kare ta daga gumi, laima da ƙura, ya kuma ba ta launi da sheƙi. Yawanci hawa uku ne: na ƙasa mai toshe ƙofofin katako, na tsakiya mai launi, sai na sama mai haske kamar gilashi. Ga wanda zai sayi jita ta hannu, fenti shaida ne. Kowane kamfani yana da irin shafen da ya yi amfani da shi a kowane zamani, kuma kowane shafe yana da tasa hanyar tsufa. Idan abin da ido ya gani bai yi daidai da kamfani da shekarar da mai sayarwa ya ambata ba, to ko dai an sake fentin, ko jitar jabu ce.

Naitiro

Naitirosalulos, wanda masu jita ke taƙaitawa da naitiro, ana samunsa ne ta hanyar haɗa zaren auduga ko ɓargon itace da sinadarin asid. Kamfanin DuPont na Amurka ya mayar da shi fentin feshi mai suna Duco a farkon shekarun 1920, masana'antun mota suka rungume shi saboda saurin bushewarsa, daga nan ya shiga masana'antun kayan kiɗa. Da shi Fender da Gibson, manyan kamfanonin jita na Amurka, suka fente jitocinsu na shekarun 1950 da farkon 1960, kuma har yau Gibson da shi take fente waɗanda take ƙerawa a Amurka.

Halinsa duka ya samo asali ne daga yadda yake bushewa. Ruwan da aka narka shi a ciki ne ke tashi ya bar busasshen shafe, ba wani sauyi da ke faruwa a jikin sinadarin. Saboda haka ko bayan shekara hamsin, idan irin wannan ruwa ya taɓa shi zai sake narkewa. Wannan ya sa gyaransa ke da sauƙi, domin sabon feshi yana narkewa ya haɗe da tsohon. Shi ne kuma ya sa ba ya da juriya.

Naitiro siriri ne, kaurinsa bai wuce na fallen takarda ɗaya ko biyu ba. Yana ci gaba da tsukewa shekara da shekaru har ya lafe a cikin jijiyoyin katako, ta yadda idan aka karkata jitar ga haske za a ga zanen itacen ya fito a saman fentin. Inda hannun makaɗi ke gogawa, kamar gefen sama na gangar jita da bayan wuya, yakan suɗe a hankali, launi ya yi ta dusashewa har katako ya bayyana ba tare da wani kaifin baki ba. Babbar alamarsa ita ce tsattsagewa: layuka sirara kamar gashi, masu yawa, waɗanda ke fitowa idan jita ta tashi daga sanyi zuwa zafi farat ɗaya, katako da fenti suka motsa ba tare ba. Sau da yawa ido na ganinsu amma farce ba ya kama su sosai.

Yana kuma yin rawaya, abin da ke rikita masu saye wajen gane launi. Launukan musamman na Fender daga motoci aka aro su: Fiesta Red na Ford ne na 1956, Lake Placid Blue na Cadillac ne na 1958. Wasunsu, irin su Lake Placid Blue da Olympic White, fentin akirilik ne mai suna Lucite, amma akan rufe su da naitiro mai haske. Da wannan rufi ya yi rawaya, shuɗi ya koma kore, fari ya koma ruwan madara. Sai an cire farantin robar da ke kare fuskar jita ake ganin launin asali a ƙarƙashinsa, inda haske bai kai ba. Haka jan rinin da Gibson ta sa wa jitocinta samfurin Les Paul na 1958 da 1959 yake gudun hasken rana, har wasu suka koma ruwan zuma gaba ɗaya. A 1960 kamfanin ya sauya zuwa jan da ba ya koɗewa.

Foli

Kalmar foli tana nufin shafe biyu: foliyuretan, wanda Otto Bayer ya ƙirƙiro a Jamus a 1937, da foliyesta. Su waɗannan ba bushewa kawai suke yi ba. Ana haɗa su da sinadarin da ke sa su daskare su zama roba mai tauri, a wasu masana'antun kuma hasken fitila na musamman ke daskarar da su cikin ɗan lokaci. Da zarar sun kama, ba sa komawa ruwa.

Kamfanin CBS ya sayi Fender a 1965, zuwa 1968 kuma aka koma fentin foli mai kauri. Akwai abu guda da masana tsofaffin jitoci ke dubawa a nan: an ci gaba da fesa naitiro a fuskar kan jita saboda tambarin kamfanin bai jitu da foli ba. Shi ya sa Fender ta shekarun 1970 takan zo da fuskar kai mai ruwan goro alhali sauran wuyan yana nan da haskensa. Wannan rashin daidaito alama ce ta asali.

A yau jitocin Squier da Epiphone da kusan duk jitoci masu araha da ake ƙerawa a Sin, Indonesiya da Koriya foli ne a jikinsu, haka ma yawancin Fender na zamani, na Amurka da na Ensenada a Meziko. Foliyesta ya fi kauri da tauri, yana iya kai rabin milimita ko fiye. Foliyuretan ya ɗan fi shi siranta da laushi. Bambance su biyun da ido yana da wuya, kuma ba kasafai yake shafar farashi ba.

Foli yana kwanciya sumul kamar an tsoma jitar a narkakken gilashi, ba ya bin jijiyar katako. Ba ya suɗewa. Idan ya bugu sai ya ɓalle ya bar rami mai kaifin baki, inda ake iya ganin kaurinsa kamar ɓawon ƙwai. Tsagewarsa ba ta da yawa amma tana da zurfi, galibi kusa da inda wuya ya haɗu da ganga, kuma farce na kama ta. Jitar foli mai shekara talatin tana iya zama kamar jiya aka fito da ita daga kwali.

Mai da kakin zuma

Wasu kamfanoni, irin su Music Man, mai da kaki suke shafa wa bayan wuya. Hannu yana jin katakon kai tsaye, ba sheƙi, kuma yana yin duhu da dattin hannu. Akwai kuma fenti marar sheƙi, na naitiro ko na foli, wanda ke yin ƙyalli a wuraren da ake yawan gogawa.

Yadda ake dubawa

Ana farawa da sunan jita da lambarta, a san irin fentin da ya kamata a tarar. Jitar da ke ɗauke da sunan Gibson da hatimin Amurka amma aka lulluɓe ta da foli mai kauri abin tuhuma ce ƙwarai. Jabun Gibson sun yi yawa: a Nuwamban 2024 jami'an kwastan na Amurka sun sanar da kama fiye da 3,000 a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles da Long Beach.

Daga nan sai haske. A karkata jitar kusa da taga a duba ko fentin ya lafe, a duba bakin duk wani rauni. Fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita tana da amfani a ɗaki mai duhu: tsohon naitiro yana ƙyalli da launin kore mai ratsin rawaya, wurin da aka yi faci kuma yakan fito da duhu ko da wani launi dabam.

Gwajin da ya fi yanke hukunci shi ne na asiton, sinadarin da ke cikin yawancin ruwan goge fentin farce. Ana ɗiga kaɗan a kan auduga a taɓa wani ɓoyayyen wuri, kamar ƙarƙashin farantin roba ko bakin ramin wayoyi. Naitiro zai yi laushi nan take ya bar launi a audugar, foli ko gezau. Ba a yin wannan sai da izinin mai jita, kuma dole a kiyaye robar gefe da farantin, domin asiton yana cin su. Gwajin yana da iyaka: akirilik ma yana narkewa, sannan jitoci da dama naitiro ne a sama kawai, ƙarƙashinsa shafe ne mai tauri. Fender kanta ta yi amfani da irin wannan shimfiɗa mai suna Fullerplast tun farkon shekarun 1960.

Sabon fenti da tsufan ƙarya

A kasuwar tsofaffin jitoci, sake fenti yakan zubar da kusan rabin daraja, komai kyan aikin. Alamunsa suna ɓuya ne a inda mai feshi ya yi ganganci: fenti a cikin ramukan sukurori ko a kan wayoyi, gefunan da suka yi kumbo saboda yawan guga, lambar da aka buga a bayan kai ta cike ta dusashe, wani launi dabam a gurbin wuya. Fender na kafin ƙarshen 1964 suna da ƙananan ramukan ƙusoshi a fuska, inda aka dogara gangar tana bushewa, kuma a fentin asali ramukan a buɗe suke. Daga ƙarshen 1962 ana ganin tabon sandar da aka riƙe gangar da ita a gurbin wuya.

Akwai kuma tsufan da aka yi da gangan. Fender Custom Shop, sashen Fender na aikin musamman, ta fara sayar da irin waɗannan jitoci da sunan Relic a 1995, sai kamfanin Fender ya fito da jerin Road Worn a 2009, Gibson ma tana da sashenta na Murphy Lab. Wannan halastacciyar sana'a ce muddin an faɗa wa mai saye. Matsalar ita ce wanda ya kankare sabuwar jita ya ce tsohuwa ce. Tsufan gaskiya yana bin jikin makaɗi, inda damtse, bel da tafin hannu ke taɓawa. Na ƙarya yakan bayyana inda hannu ba ya zuwa, layukan da aka ja da reza sukan yi tsari fiye da kima, katakon da aka tone kuma fari ne tas, ba dattin shekaru.

Sauti da yanayi

Masu jita sun daɗe suna gardama kan cewa naitiro yana barin katako ya yi numfashi, ya ƙara daɗin sauti. An zuzuta wannan magana fiye da ƙimarta. A jitar lantarki mai dunƙulallen jiki, maɗaukan sauti (na'urorin da ke ɗaukar motsin tsirkiya), tsirkiya da amsa-kuwwa ne ke ɗauke da mafi yawan aikin. Inda bambancin yake a fili shi ne a tafin hannu: naitiro, musamman sabo, yakan yi danƙo idan gumi ya taru a wuya.

Ga makaɗin da ke ƙasa mai zafi, daga Kano zuwa Agadas inda jitar lantarki ta yi gida a hannun Abzinawa, juriya ta fi komai. Naitiro yana yin laushi ko ƙuraje idan aka bar jita a mota da rana, sanyin asubar hunturu da zafin azahar kuma suna gaggauta tsattsagewarsa. Robar da ke jikin mazaunin jita da wasu igiyoyin rataya tana cin sa ta bar baƙin tabo mai danƙo a bayan wuya ko gindin ganga, wurare biyu da ya kamata mai saye ya shafa da yatsa. Man korar sauro mai ɗauke da sinadarin DEET ma yana narka shi, don haka wanda ya shafa a damtse sai ya wanke kafin ya rungumi jitar. Foli ba ya damuwa da yawancin waɗannan, tsumma mai laushi da ɗan danshi ya ishe shi.