Cin abinci a cibiyar dattawa ba ya sa gwamnatin Amurka ta karɓe gida

Wata magana ta daɗe tana yawo a zaurukan WhatsApp na 'yan'uwanmu mazauna Amurka, musamman waɗanda suka ɗauko iyayensu daga gida: wai duk tsohon da ya yi rajista a cibiyar dattawa ta unguwa ya ci abincinsu, bashi ake rubuta masa, ranar da ya rasu gwamnati ta zo ta karɓe gidan. Saboda wannan tsoro sai a bar Baba ko Inna su wuni a ɗaki su kaɗai har a taso daga aiki. Maganar ba haka take ba. Dokoki biyu ne daban aka cakuɗa su.

Ta farko ita ce Dokar Dattawan Amurka, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu ranar 14 ga Yuli, 1965. Cibiyoyin ma sun girme ta, don wadda ake lissafawa ta farko an buɗe ta ne a Bronx da ke birnin New York a 1943, yankin da yau yake cike da 'yan Afirka ta Yamma. A 1972 aka ƙara shirin ciyarwa. Kuɗin na fitowa daga gwamnatin tarayya zuwa jihohi, gwargwadon yawan masu shekara 60 zuwa sama a kowace jiha, daga nan ya bi ta hukumomin kula da dattawa na yanki ya isa cibiya. Jiha na ƙara nata kason, birane da masu ba da taimako su cike gibi.

Wanda ya kai shekara 60 ya cancanta, kuma matarsa ko mijinta na iya zama a ci abinci tare ko da shekarunsu ba su kai ba. Shi ke nan. Ba a auna arziƙin mutum kafin a zuba masa.

Inda mutane ke rikicewa shi ne akwatin gudummawa. Za ka shiga ka ga an rubuta adadin da ake so a saka na kowane abinci, sai ka ɗauka farashi ne. Dokar ta yarda cibiya ta nemi gudummawa, amma bisa sharaɗi: ta ganin dama ce, ba a matsa wa kowa, ba a tona wanda ya saka da wanda bai saka ba, kuma ba a hana mutum abinci don bai bayar ba. Abin da aka tara ana mayar da shi ne cikin hidimar. Gyaran da aka yi wa dokar a shekarar 2000 ya ba jihohi damar sa masu hali su biya wani ɓangare na kuɗin wasu hidimomi, sai dai an cire abinci, da taimakon lauya, da ba da shawara kan haƙƙoƙi daga ciki, an kuma cire duk wanda samunsa bai wuce layin talauci ba. Ko a nan, abin da mutum ya faɗa da bakinsa ake ɗauka, ba a lissafa gida ko ajiya. To ta ina bashi zai fito?

Gaskiya dokar ta yi kyau a takarda, amma hannunta a rufe yake. Duk abin da tarayya ke ware mata a shekara dala biliyan biyu ne da ɗoriya, a ƙasar da dattawanta suka kai miliyoyi da dama. Shi ya sa a wurare da yawa ake bin layi kafin a fara kai wa mutum abinci gida.

Cibiyar ba gidan jinya ba ce, ba a kwana. Aikinta ta riƙe tsoho da ƙafafunsa: abincin rana, motsa jiki, gwajin hawan jini, mota zuwa asibiti, da abokan hira. Idan jiki ya ƙi, aka kai ga buƙatar mai wanka da ɗagawa kullum, an shiga doka ta biyu.

A nan tsoron ke da tushe. Medicare, inshorar lafiyar gwamnati ta dattawa, ba ya biyan doguwar kulawa. Iyakarsa kwana 100 a gidan jinya bayan kwanciya a asibiti. Medicaid, shirin lafiyar gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi, wanda shi ne doka ta biyun, ke ɗaukar sauran, shi kuwa yana duba samu da dukiya. Tun 1993 doka ta wajabta wa jihohi su nemi a mayar musu da kuɗin doguwar kulawar da suka kashe wa mai shekara 55 zuwa sama, daga abin da ya bari bayan rasuwa. Ba a taɓawa muddin matarsa ko mijinta na raye, ko akwai ɗa ƙasa da shekara 21, ko ɗa makaho ko mai naƙasa, kuma magada na iya neman a ɗaga musu ƙafa idan abin zai jefa su cikin ƙunci. Duk da haka, mai kuɗi yakan ɗauki lauya ya tsara dukiyarsa tun da wuri, talakan da gida ɗaya ya mallaka shi ke kwana ciki.

Abin lura: akwai wuraren wunin dattawa da ke zuwa da mota su ɗauki mutum, waɗanda Medicaid ke biya, kuma a ido kamar cibiyar unguwa suke. Kafin a sa hannu a kowace takarda, a tambaya wa ke biya.

Kada kuma a yi gaggawar mayar da gida sunan ɗa don gudun wannan. A yawancin jihohi Medicaid na waiwayar shekara biyar baya, duk kyautar da aka yi a ciki, har da kuɗin da aka tura wa dangi a Kano ko Kumasi, tana iya jawo hukuncin jinkirta biyan kuɗin jinya. Ana raba adadin kyautar ne da kuɗin gidan jinya na wata ɗaya. Misali, wanda ya kyautar da dala 60,000 a jihar da wata ke cin 10,000, zai yi wata shida Medicaid bai biya masa gidan jinya ba.