Waiwaye: Yadda aka sha fama kafin kafaɗar ƙarfe ta zauna daram a ƙashi

A shekarar 1893 wani likitan fiɗa a birnin Paris, Jules-Émile Péan, ya sanya wa wani mai gasa burodi gaɓar kafaɗa ta farin ƙarfen filatinam da roba, bayan cutar tarin fuka ta cinye masa ƙashin. Hannun ya motsa, amma bayan shekara 2 dole aka cire ta saboda wurin ya ruɓe. Daga nan maganar ta kwanta har wajen shekara 60.

Charles Neer na birnin New York ne ya tashe ta a shekarun 1950. Ya ƙera kan ƙashin damtse na ƙarfe mai doguwar jela da ake zurawa cikin bargo, don waɗanda kafaɗarsu ta rugurguje. Wannan ɓangaren bai cika ba da wahala ba, domin jelar na da wurin kamawa. Rigimar tana ɗaya gefen, wato gurbin da ke jikin allon kafaɗa. Gurbin ba shi da zurfi, ƙashin da ke bayansa kuma ɗan kaɗan ne. A 1974 Neer ya fito da faifan roba mai tauri da ake manna shi a gurbin da siminti na musamman, irin wanda John Charnley ya yayata a aikin ƙugu a Ingila.

Sai hotunan ƙashi suka riƙa nuna wani siririn layi baƙi tsakanin siminti da ƙashi. A 1988 Frederick Matsen da abokan aikinsa a Seattle suka bayyana dalili: idan jijiyoyin da ke riƙe kafaɗa sun yage, kan ƙarfen yakan haura sama ya danne gefen faifan, ɗaya gefen ya ɗaga. Kullum a hakan, kamar turken da akuya ke fizga hagu da dama, har ya yi sako-sako. Wasu sun gwada ɗaure ƙwallon, wato kan ƙarfen, da gurbin wuri guda, sai abin ya ƙara muni, domin duk ƙarfin ya koma kan ƙashi.

A ganina, wanda ya fi kowa gano bakin zaren shi ne Paul Grammont na Dijon a Faransa. A 1985 ya juya gaɓar: ƙwallo a allon kafaɗa, gurbi a damtse. Dabararsa ita ce ya matso da cibiyar juyawar gaɓar dab da fuskar ƙashi, don ƙarfin da ke murɗa ƙwallon ya ragu, tsokar saman kafaɗa kuma ta ɗauki aikin ɗaga hannu. Amurka ba ta amince da wannan ƙira ba sai wajen 2003, kusan shekara 20 bayan nan. Ita ma tana da nata aibin: gefen robar kan goga wuyan allon kafaɗa har ya ci rami.

Yanzu an fi karkata ga ƙarfe mai ƙananan ramuka da ƙashi ke tsirowa cikinsu, a ƙara da kusoshi. Sharaɗin mai tsauri ne. Gwaji a kan dabbobi ya nuna idan ƙarfen na motsi da ya kai kimanin kashi 15 cikin 100 na milimita, ƙashi ba ya kama shi, sai tsoka mai zare-zare ta cike wurin. Jelar ma ta gajarta, wasu ƙirar ba su da ita sam, domin an lura doguwar jela mai tauri kan ɗauke wa ƙashi nauyi har ya rame. Amma ba kowa ake sa wa marar jela ba. Tsoho mai ƙashi fanko har gobe jela ake nema masa, wani lokaci da siminti.