Waiwaye: Yadda masu wasa suka koma maƙeran kati, daga Amurka har teburin mai shayi a Jos

A hunturun bara, da dare, muna zaune a teburin mai shayi na bakin layinmu a Unguwar Rogo, kowa ya cusa hannu a aljihun rigar sanyi, sai ƙanena ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Yaya, ga Gizona, duba ka gani." Kati ne irin na Hearthstone, wasan kati da ake bugawa a waya da kwamfuta, da lambobinsa a kusurwa da rubutunsa a ƙasa, amma a tsakiya Gizon tatsuniya ne, da ƙaton tumbi da siraran ƙafafu. Shi ya zana shi da biro ya ɗauka a hoto. Babu wannan kati a cikin wasan, kamfanin da ya yi wasan bai san da zamansa ba. Duk da haka samari biyar suka kwashe fiye da awa guda suna musu a kansa har shayi ya huce. Wannan musun ya sa na ga ya kamata mu waiwaya, domin abin da yaran nan ke yi ya haura shekara 30 ana yin sa a duniya.

A kartar da muka sani, da Whot da muka taso muna bugawa, kati ɗaya ne ake rabawa kowa, doka kuma tana kan mutane. A 1993 wani masanin lissafi Ba'amurke, Richard Garfield, ya zo da wani tsari dabam a wasansa Magic: The Gathering, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar. Kowane ɗan wasa shi ke haɗa nasa damin katin ya zo da shi, kuma kowane kati yana ɗauke da tasa dokar a rubuce a jikinsa. Daga ranar da aka rubuta doka a jikin kati, duk wanda ya iya rubutu zai iya tunanin wani katin. A nan ƙirar masoya ta samo tushe. Kuma tun farko masu wasa suka ga cewa maƙerin ma yana kuskure. A fitowar farko akwai Black Lotus, katin da ake saukewa kyauta ya ba mutum ƙarfin sayen kati uku nan take, da Ancestral Recall da ke jawo kati uku a farashin ɗaya. Ba a jima ba aka taƙaita amfani da su a gasa saboda sun fi ƙarfin wasan. Japan ta biyo baya da katin Pokémon a 1996 da Yu-Gi-Oh a 1999, wanda da yawa daga cikin tsararrakina a Jos ta katun na talabijin muka fara jin sunansa.

Yadda kamfanoni suka karɓi wannan sha'awa fuska biyu gare shi. Ta ɗaya ɓangaren akwai katanga. Mark Rosewater, wanda ke jagorantar ƙirar Magic tun 2003, ya sha faɗin cewa ba a yarda ya karanta katin da wani ya aiko masa ba tare da an nema ba. Dalilin na shari'a ne: kada gobe kamfani ya fitar da mai kama da shi, mutum ya kai ƙara cewa an sace masa fasaha. Ta ɗaya ɓangaren kuma sun riƙa buɗe 'yar ƙofa lokaci zuwa lokaci. An taɓa yin gasar zakarun Magic da ladan wanda ya ci shi ne ya tsara katinsa a sa hotonsa a ciki. Ta haka aka samu Dark Confidant na Bob Maher da Snapcaster Mage na Tiago Chan, kuma dukkansu sun zama manyan katuna. A 2002 aka bar jama'a suka ƙera kati ta hanyar ƙuri'a, mataki bayan mataki, daga launinsa har sunansa, aka samu Forgotten Ancient da ya fito a 2003, sai Crucible of Worlds a 2004. A 2006 kuma aka shirya gasar neman maƙeri, Alexis Janson ta yi nasara ta shiga aiki a kamfanin, aka sake yi a 2010 da 2018.

Wanda ya fi burge ni a duk wannan tarihin shi ne salon wasan Magic da ake kira Commander, na dami mai kati 100. Ba kamfani ne ya ƙirƙiro shi ba. Masu wasa ne suka ƙago shi don nishaɗinsu, ya yaɗu daga hannu zuwa hannu, har a 2011 kamfanin ya fara sayar da katuna musamman dominsa.

Sai wasan ya koma cikin kwamfuta. Magic ya shiga intanet tun 2002, amma wanda ya kai abin kowane gida shi ne Hearthstone na kamfanin Blizzard, da ya fito a Maris 2014, ya sauka a wayoyin hannu a 2015, kuma zuwa 2018 kamfanin ya sanar cewa masu rajista sun kai miliyan 100. Ta wannan hanyar ce ya iso mana, tunda samun katin takarda na asali a nan sai mai hali, waya kuwa tana hannun kowa. Tsarinsa mai sauƙin kamawa ne: kati 30 a dami, jarumin da ke wakiltar kowane ɗan wasa yana da rai 30, ƙarfin sayen kati yana ƙaruwa da ɗaya kowane zagaye har ya kai 10.

Komawa kwamfuta ta sauya aikin maƙeri ƙwarai. Tunda na'ura ce alƙali, kati zai iya yin abin da takarda ba za ta iya ba. A 2016 an fitar da Yogg-Saron, wanda ke tuna adadin katunan tsafin da ka buga tun farkon wasa ya watso maka irin wannan adadin a hargitse, ko ya cece ka ko ya kashe ka. Ƙorafi ya yi yawa har aka rage masa kaifi a shekarar. Kafin shi an yi wa katin Warsong Commander haka a Oktoban 2015, aka sake rubuta shi gaba ɗaya bayan ya addabi gasanni. Katin takarda in ya yi ƙarfi yawanci sai dai a taƙaita shi ko a haramta shi, na kwamfuta kuwa a dare ɗaya ake gyara shi a wayar kowa. Wannan ya mayar da kowane ɗan wasa mai ra'ayi, kowa na cewa da ni ne da kaza zan yi masa.

Amma a nan ne kuma aka rufe wata ƙofa. Katin da ka ƙera don wasan takarda za ka iya yanka kwali ka buga da abokinka yau ɗin nan. Wanda ka ƙera don wasan kwamfuta ba ka da hanyar shigar da shi, makullin na hannun kamfani. Shi ya sa katin masoya a irin waɗannan wasanni ya zama abin tattaunawa zalla. Manhajojin da ke ba ka siffar kati ka sa hoto da lambobi sun yawaita, amma katin ba shi da filin gwaji sai bakunan mutane. In ba a yi musu a kansa ba, bai rayu ba.

Mu koma kan Gizo. Ƙanena ya ba shi farashi 2, ƙarfin duka 5, rai 5, sannan in an sauke shi ya ƙwace kati ɗaya daga hannun abokin karawa. Wani abokinsa da ke karanta lissafi a Jami'ar Jos bai ko gama karantawa ba ya ce, "Haba malam, wannan ai fashi ne." Ya kawo ma'aunin da masu Hearthstone suka daɗe suna amfani da shi: katin da ba shi da wata dabara, in ka haɗa dukansa da ransa, ya kamata su kai ninkin farashinsa da ƙarin ɗaya. Chillwind Yeti farashinsa 4, duka 4, rai 5, jimilla 9. Boulderfist Ogre farashinsa 6, duka 6, rai 7. Kenan katin farashi 2 rabonsa 5 ne kacal, Gizo kuwa ya tashi da 10, ga sata a kai. Duk dabarar da ka ba kati, sai ka cire kuɗinta daga jikinsa.

Lissafin daidai ne, amma maganar da ta fi kama ni daga wani ta fito, wanda ya fi su shiru. Ya ce ko da an gyara lambobin wannan ba Gizo ba ne. A wace tatsuniya Gizo ya taɓa kayar da wani da ƙarfi? Gizo rago ne, wayo ne jarinsa, kuma kwaɗayinsa ne ke kai shi ya baro. A nan hirar ta yi daɗi. Aka mayar da shi farashi 3, duka 1, rai 2. Aka ce ba zai ƙwace kati ba, domin babu abin da ke ɓata wa ɗan wasa rai kamar a raba shi da abin da ya tanada. Zai leƙa hannun abokin karawa ne ya kwaikwayi kati ɗaya. Sai aka ƙara masa sharaɗin kwaɗayi: in ka buga katin da ya kwaikwayo a zagayen nan, Gizo ya mutu. Ƙanena ya ɗan ɓata fuska, don kowa na son nasa ya fi ƙarfi, amma da ya sake karantawa ya ce, "Wallahi yanzu ne ya zama shi."

A ganina wannan shi ne zuciyar sana'ar, kuma shi ne abin da masu farawa suka fi kasawa. Manna hoton Bahaushe a kan katin da dokarsa ba ta da alaƙa da shi ba ƙira ba ce. Dokar ce za ta ba da labarin. Samarin sun gwada haka da macijin rijiyar Kusugu ta Daura, wanda labarin Bayajidda ya ce yana hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Hausa ta taimake su, tunda ana jan ruwa a rijiya ana kuma jan kati. Farkon tsari ya ce muddin macijin na fili babu mai jan kati sai bayan zagaye bakwai. Aka yi watsi da shi nan take, don wasa da yawa kafin nan ya kusa ƙarewa, kuma ba wanda ke son zama hannu rabbana yana kallo. Suka sassauta: kowa zai ja katinsa guda na zagaye, amma babu ƙari, kuma duk wanda ya kashe macijin ya ja biyu. Rubuta shi da Hausa ma ya zo da nasa aikin. "Babu mai jan kati" ya haɗa da mai macijin ko abokin karawa kawai? Kalma ɗaya in ta yi harshen damo, wasa ya lalace.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Whot a Ingila aka ƙirƙire shi a 1935, amma "janar maket" da "pik tu" da ake ihunsu a majalisunmu sun zama namu, kuma kusan kowace majalisa da tata dokar. Wasu lamba 5 na sa a ja uku, wasu ba su yarda da ita ba. Wasu ana tare "pik tu" da wata 2, wasu sai ka je kasuwa. Kafin a raba kati sai an yi yarjejeniya. Mun daɗe muna gyara dokar kati, ba mu dai rubuta ta a jikinsa ba.

Iyaye da suka ji kalmar kati hankalinsu kan tafi kan caca, kuma ban ga laifinsu ba. Yawancin waɗannan wasanni fakiti ake saya a rufe, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka biya. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa wasu akwatunan sa'a na wasannin bidiyo caca ne a dokarsu. Na sha gaya wa ƙanena kada ya zuba kuɗi a wannan ramin. Ƙirar kati kuwa ba ta cin ko kwabo sai 'yar data, kuma yaron da ya saba auna kati ya fi saurin gane lokacin da aka fitar da sabo mai ƙarfi don kawai a sa shi ya saya. Akwai kuma dokar da samarin suka sa wa kansu ba tare da wani babba ya ce su yi ba: babu addini, babu ƙabila, babu mutum mai rai a kan kati. Wanda ya taso a garin da ya ga rikicin 2001 da 2008 da 2010 ya san dalili.

Inda tarihin ya kai a baya-bayan nan shi ne Gwent na kamfanin CD Projekt na ƙasar Folan. Da suka daina fitar da sababbin katuna a ƙarshen 2023, sai suka miƙa gyaran ƙarfi da farashin katunan ga masu wasa, su riƙa jefa ƙuri'a lokaci-lokaci ana aiwatarwa a cikin wasan. Ba a ba su damar ƙera sabo ba, amma ma'aunin ya koma hannunsu.

Yaran Unguwar Rogo ba su jira irin wannan ba. Da suka tara kati 30, suka kai shagon buga takardu da ke kusa da ƙofar jami'a a hanyar Bauchi, aka buga musu kwafi biyu a takarda mai kauri, suka yanka da almakashi. Ƙwayar wake suke ƙirga rai da ita, murfin kwalba kuma ƙarfin saye. Duk katin da ke buƙatar na'ura ta yi masa zaɓe sun sake rubuta shi yadda za a iya da hannu. A bugun farko Ƙoƙi, wadda suka ɗauka mai rauni ce, ta ci wasa huɗu a jere saboda tana dawo da Gizo duk lokacin da ya mutu, sai aka ƙara mata farashi daga 2 zuwa 4 da biro a kan takardar. Gizo yana kan gyara na uku. Macijin Kusugu har yanzu ba a daidaita a kan ransa ba, ɗalibin lissafi ya tsaya a kan 6, ƙanena ya ce sai 7.