Kasafin kuɗin birni: wa aka tuna, wa aka manta?

Mene ne kasafin kuɗin birni?

Tsari ne na shekara guda da ke nuna kuɗin da birni ke sa ran samu da inda zai kashe su. Galibi ofishin magajin gari ke shirya daftarin, majalisar birni ta tafka muhawara a kai, ta yi gyara, sannan ta amince. Kuɗin kan fito daga harajin gidaje da filaye, lasisi, tara, kuɗin ruwa da na kwashe shara, da kason da gwamnatin jiha ko ta ƙasa ke turowa. Wani lokacin a haɗa da rance.

Ta yaya alƙaluma za su nuna abin da aka fifita?

Saboda kuɗin ba sa isar kowa. A kan mumbari ɗan takara na iya yin alkawarin tsabta da tsaro da tituna da asibiti a jawabi ɗaya. Ranar raba kuɗi kuwa dole a zaɓa: abin da aka ƙara wa 'yan kwana-kwana, wani sashe aka rage wa.

Ke nan sashen da ya fi kowa kaso shi aka fi damuwa da shi?

Ba lallai ba ne. Kaso mai tsoka an riga an ɗaure shi tun kafin a zauna: albashi, fanshon tsofaffin ma'aikata, da biyan bashin da shugabannin baya suka ci. Birnin Detroit na Amurka ya ayyana fatara a 2013 da bashin kusan dala biliyan 18 a wuyansa, a lokacin da dubban fitilun titunansa ba sa kamawa. Mazauna birnin na son haske, bashin jiya ne ya cinye kuɗin. Don haka mai son sanin alƙiblar shugabannin yau, ya ɗauko kasafin bara ya jera da na bana, ya ga abin da ya ƙaru da abin da aka zaftare.

Me ya sa ake ware manyan ayyuka daga ayyukan yau da kullum?

Manyan ayyuka su ne gine-gine da za su daɗe, kamar gada, kasuwa ko tashar mota, kuma sau da yawa da rance ake yin su. Na yau da kullum kuwa su ne albashi, man motoci, magunguna da gyare-gyare. A ganina nan ne ake gane gaskiyar shugaba. Sabon gini yana da bikin yanke kyalle da hotuna, amma babu wanda ke buga ganga don an yashe magudanar ruwa ko an sauya tsohon bututu. Shi ya sa kuɗin gyara ne farkon abin da ake yanka idan aljihu ya yi zafi, kuma illar ba ta bayyana sai damina ta zo da ambaliya. Ɗakin shan magani da aka gina ba tare da an ware albashin ma'aikaciyar jinya ba, kango ne kawai mai sabon fenti.

Tsimin da bai dace ba yana iya taɓa lafiyar mutane kai tsaye. A 2014, ƙarƙashin wani manaja da gwamnatin jihar Michigan ta Amurka ta naɗa, birnin Flint ya koma jan ruwan sha daga koginsa don rage kashe kuɗi. Ba a zuba sinadarin da ke hana bututu zaizayewa ba, dalma ta gurɓata ruwan da yara ke sha. A 2021 kotu ta amince da diyyar dala miliyan 626.

Shin jama'a na da ta cewa?

A birane da yawa akan yi zaman jin ra'ayin jama'a kafin a amince da kasafi. Wasu sun wuce nan. Porto Alegre ta ƙasar Brazil ta fara a 1989 wani tsari inda mazauna unguwanni ke taruwa su zaɓi ayyukan da za a yi musu, kuma unguwannin talakawa sun fi neman ruwa, magudanai da shimfiɗa tituna. New York ta gwada irinsa daga 2011, Paris kuma daga 2014, inda ta ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin manyan ayyukanta don jama'a su kaɗa ƙuri'a a kai.

Tsarin na da kyau, sai dai ƙaramin kaso ne ake miƙa wa jama'a. Sannan wa ke zuwa taron? Idan aka sa shi da hantsi a ranar aiki, lebura da mai goyo ba za su samu zuwa ba, sai bukatar mai hali ta shiga takarda da sunan ra'ayin kowa.

Abin da aka rubuta shi ake kashewa?

Ba kullum ba. Kuɗin shiga kan gaza, akan yi ƙwarya-ƙwaryar kasafi a tsakiyar shekara, wani aikin kuma yakan bayyana a takarda shekara bayan shekara ba a saki ko sisi ba. Saboda haka kada a tsaya ga kasafin da aka karanta a majalisa. A nemi rahoton aiwatarwa da na mai binciken kuɗi, a duba nawa aka saki, a wane wata, kuma wace unguwa aikin ya sauka.